Amanar Da A Ke Tsinta Cikin Bangon Tsohon Gida

Malamai da attajirai masu karanta wannan shafi, yau maganarmu a kan abin da magina su kan tsinta ne sa'ad da su ke gyaran tsohon gini ko rushe shi. Ba tukunyar kuɗi mu ke nufi ba, gama ita ba ta bukatar mai yi mata roƙo, duk wanda ya gan ta ya san abin da zai yi da ita. Takardu mu ke nufi, irin waɗanda wani bawan Allah ya naɗe da hannunsa, ya sa a alkuki, ya toshe bakin da ƙasa, ya tafi bai komo ba. Abin da mu ke so mu tabbatar shi ne, rai da mutuwar irin takardun nan a sa'ar farko da aka tone su a ke yanke shi, kuma galibi mai yankewar mutum ne wanda ba ya iya karanta su.

Ga misali daga ƙasar Sifen, wadda littattafanmu su ke kira Andalus. A lardin Aragon, kusa da birnin Saragosa, akwai wani ƙaramin gari wai shi Almonasid. A shekarar 1884 magina suna cikin gyaran wani tsohon gida a garin nan, da suka ɗaga katakon da aka shimfiɗa a wani ɗaki sai suka tarar ashe akwai wani daɓen a ƙarƙashinsa, tsakanin biyun kuwa an jera littattafai fiye da ɗari, an naɗe su da ƙyalle, an sa duwatsun gishiri a tsakaninsu don su shanye laima. Har kayan aikin ɗinkin littafi aka samu tare da su, da matsa da wuƙar yanke gefen takarda. Duk wanda ya yi ajiyar nan ya san aikinsa, kuma a fili ya ke cewa yana sa ran komowa.

To, maginan nan da suka duba suka ga rubutun da ba su sani ba, sai suka ɗauka shara ce. Suka watsar da su cikin ɓaraguzan gini, yara suka kwasa suna wasa, aka hura wuta da waɗansu. Littattafai masu yawa suka ƙone ƙurmus kafin labari ya kai kunnen wanda ya san darajarsu. Wanda ya fara tsai da ɓarnar kuwa wani limamin Kirista ne, malamin makaranta daga Saragosa, ana ce da shi Fada Fierro, ya sa kuɗinsa ya sayi waɗansu. Sa'an nan wani shaihin malami na jami'ar Saragosa, Pablo Gil, ya saye mafi yawan abin da ya saura. Bayan rasuwarsa wata hukumar ilmi ta gwamnati ta karɓe su, a 1912 kuma aka buga littafin da ya lissafta su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin kulawar malamai biyu masana Larabci, Julian Ribera da Miguel Asin. Suna nan ajiye a Madrid, an ɗauki hotonsu an sa a intanet.

Sai mai karatu ya tambaya, wa ya ɓoye su, kuma don me? Garnaɗa, wadda ita ce daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi a 1492. Ba a cika shekara goma ba aka tara littattafan Larabci a dandalin birnin aka cinna musu wuta. A 1502 aka tilasta wa Musulmin Kastila su canja addini ko su bar ƙasa, a 1526 hukuncin ya iso Aragon. Daga nan samun takarda mai haruffan Larabci a hannun mutum ya zama laifin da a ke gurfanar da shi gaban kotun coci mai binciken aƙida, a ci shi tara, ko a yi masa bulala, ko a tura shi tuƙin jiragen yaƙi na sarki. Duk da haka mutanen nan ba su bar rubutu ba, suka riƙa kwafa a ɓoye suna ba juna aro har kusan shekara tamanin. Daga 1609 zuwa 1614 aka kore su daga ƙasar baki ɗaya, kimanin mutum dubu ɗari uku, na Aragon a 1610. Ke nan ajiyar Almonasid ta yi aƙalla shekara 274 a ƙarƙashin katako, ruwa bai ci ta ba, ɓera bai ƙarar da ita ba, ɗan leƙen asirin kotu bai gano ta ba, sai ga shi 'yan kwanaki kaɗan a hannun jahilci sun cinye babban rabo daga cikinta.

Abin da zai ba malamanmu mamaki shi ne irin rubutun da ke ciki. Musulmin Aragon sun daɗe da barin magana da Larabci a gidajensu, harshen maƙwabtansu Kirista su ke yi. Saboda haka sai suka riƙa rubuta harshen nan da haruffan Larabci, suna ce masa ajamiyya, har yau kuma sunan da masanan Sifen su ke kiran rubutun da shi daga kalmar nan ya fito. Watau ajami ne, sunansa ɗaya da namu, hanyarsa ɗaya da tamu. Hannun ma na Magariba ne, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, kamar yadda almajiri ya ke koya a kan allo a Kano ko Damagaram. Inda suka ci karo da sautin da Larabci ba shi da shi sai suka yi dabara irin wadda kakanninmu suka yi. Mu mun ƙara ɗigo uku bisa ɗa mai hannu don mu sami tsa, su kuwa suka ɗora shadda bisa ba don su sami wani sauti na leɓe da ke cikin harshensu. Malikawa ne kuma. A cikin ajiyar Almonasid akwai fassarar littafin Tafri'i na Ibnul Jallab cikin ajaminsu, da surorin Alƙur'ani da fassara a tsakanin layuka, da huɗubobi, da addu'o'i, da ƙissoshin annabawa, da magunguna. Cikin sauran rubuce-rubucensu na ajami akwai kuma littafin wani matafiyi wanda ba a san shi da wani suna ba sai Saurayin Arebalo, wanda ya zaga ƙasar yana ziyartar tsofaffin da suka rage da sani yana rubuta abin da ya ji daga bakinsu. Da a ce wani gardi daga cikinmu yana tsaye a wurin ran nan, ko da bai fahimci harshen ba, da ya haɗa baƙi ya gane Bisimilla a kan shafin farko, da ya hana a kai su wuta.

Mu gwada wannan da abin da ya faru a ƙauyen Kutar, cikin duwatsun lardin Malaga, a 2003. Can ma gyaran gida a ke yi, aka fasa bango aka tarar da alkuki a toshe, cikinsa littattafai uku kwance cikin ciyawa busasshiya. Ɗaya Alƙur'ani ne, biyun kuwa abin da mu za mu kira kundi ne, na limamin ƙauyen, Muhammadu al-Jayyar, wanda ya kama limanci a 1490. A ciki ya tara abin da limamin ƙauye ya ke bukata kullum, yadda a ke rubuta takardar aure da ta ciniki, da hisabin rabon gado, da huɗuba, da waƙoƙi, da 'yan labaran abin da ya faru a zamaninsa. Masana sun ce wajen shekarar 1500 ya toshe su. A wannan karo ba a ƙone kome ba. Aka sanar da hukuma, aka kai su gidan ajiyar takardun tarihi na Malaga, aka gyara su. Bambancin Almonasid da Kutar ba a ingancin bango ya ke ba, a hankalin wanda ya fasa shi ya ke.

Kada kuma a ce wannan sai a ƙasar da Musulunci ya bari. A San'a ta Yaman, a 1972, ma'aikata masu gyaran babban masallaci sun tarar da tarin tsofaffin warƙoƙin Alƙur'ani a tsakanin rufi da silin, suka ɗura su cikin buhuna suka ajiye a gefe. Sai da Alƙali Isma'ila al-Akwa, shugaban hukumar kayan tarihi ta ƙasar, ya tsaya a kansu, sa'an nan aka gane cewa waɗansunsu suna cikin mafi tsufan rubutun Alƙur'ani da ya rage a duniya.

To, mu komo gida. Duk wanda ya ke yawo cikin tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato ya ga yadda a ke ta rushe gidajen ƙasa ana tayar da na bulo da siminti. Ba mu ce a bar yi ba, mai gida ya fi kowa sanin inda ɗakinsa ya ke yoyo. Amma soron nan da a ke sa wa diga, sau da yawa zauren wani malami ne ko shigifar wani falke, kuma ba a rasa alkuki a cikinsa, ko tukunya a binne, ko tsohuwar gafaka a maƙale a bayan azara. Mu ba kotu ce ta sa kakanninmu ajiya a bango ba, tsoron gobara ne da yaƙi da ɓarawo, da kuma ladabin da ya hana a yar da takarda mai sunan Allah. Abin da mu ke jin tsoro a nan ya ma fi na Almonasid ta wata fuska. Maginin Sifen ya ɗauka shara ya gani. Namu kuwa, da ya ga ƙunshi a bango da rubutun tawada a ciki, zuciyarsa sai ta tafi ga sammu, kafin a ce me ya kira mai gida, an yi a'uziyya, an kawo ashana. Ga kuma samarin da suka gaji gidajen, da yawansu boko kaɗai su ke karantawa, wasiƙar kakansu da ajami ba ta da bambanci a idonsu da laya.

Mun sani akwai malaman da za su ce ƙona tsohuwar takarda girmamawa ce, don kada ƙafa ta taka ta, su kuma kafa hujja da abin da Sayyidina Usmanu ya yi da mus'hafai. Ba mu musa niyyarsu ba. Amma sai su tuna shi bai umarta a ƙone ba sai da aka gama kwafa, aka gwada, aka aika da kwafi zuwa birane. Wanda ya ƙone abin da bai karanta ba, bai san ko kwafi na dubu ne na Ishiriniya ya ƙone ba, ko kuwa waƙar wani malamin garinsu ce wadda babu ta biyunta a duniya. Ta yiwu kuma takardar sayen gidan ce, wadda gobe za a neme ta a gaban alƙali.

Ku kuma attajirai, maganar ta shafe ku ta hanya biyu. Ta farko, tarihin fatauci ba a littattafan sarakuna ya ke ba, yana cikin 'yan takardun bashi da wasiƙun da madugai su ke aikowa daga Gwanja ko Tarabulus, masu faɗin kuɗin goro da na kanwa da sunan wanda aka ba amana. Ita takardar kanta ma shaida ce. In aka ɗaga ta ga haske aka ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta, galibi daga Italiya ta fito ta ƙetaro hamada a bayan raƙumi, wannan kuwa ya kan taimaki masana su kintaci zamaninta. Ta biyu, akwai dillalai masu bin gidaje suna sayen tsofaffin littattafai da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su fitar da su waje. Dokar Nijeriya ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba da izni ba. Ko da babu doka, bai kamaci mai mutunci ya sa hannu cikin cinikin da zai raba littafi da garin da aka rubuta shi ba.

Abin da mu ke roƙo ba mai wuya ba ne. Mai gida, tun ran da ka yi jinga da magini ka gaya masa duk takardar da ya gani ya tsai da aiki ya kira ka. In an samu, kada a yayyafa mata ruwa, kada a shanya ta a rana, kada a liƙe yagaggen wuri da gam. Mafi muhimmanci, kada a rarraba warƙoƙin. Littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, warwara su ke a cikin tadarishi, abin da ya ke riƙe jerinsu kawai shi ne kalmar nan da mai kwafa ya kan rubuta a gindin shafi don ta nuna farkon na gaba. In magada suka raba littafi warƙa goma goma don neman albarka, ko wace ta zama marainiya. A naɗe shi yadda aka same shi cikin ƙyalle mai tsabta, a rubuta ɗakin da aka same shi da ranar, a kai wa malamin da ya iya tsohon hannu ya duba.

Masu tsoron kada hukuma ta ƙwace musu gadon gidansu, yau akwai hanyar da ba ta raba kowa da kayansa. Ana ɗaukar hoton shafuka, asali ya zauna wurin mai shi. Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na jami'ar Yamai, duk suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan. Muna so limaman unguwanni su yi wannan magana bayan salla, sarakunan magina kuma su gaya wa yaransu tun kafin rani ya kama, gama da rani a ke rushe-rushe.