Gudu Daga Legas Zuwa Ibadan Cikin Damina: Ban Goyi Baya Ba, Ga Dalilina



Wasu daga cikin matasanmu sun kawo wa ƙungiya takarda suna neman ta sa musu albarka, ta kuma taimaka da kuɗin ruwa da riguna, domin su yi gudu daga Legas zuwa unguwar Sabo ta Ibadan cikin daminar nan, a tashi ɗaya ba kwana a hanya, don tara abin da za a tallafa wa marayu. Tun da maganar ta fita ake ta ja-in-ja a kanta, a ƙofar masallaci da teburin mai shayi. Abin da zan faɗa a nan ra'ayina ne ni kaɗai, domin shugabanni ba su zauna a kan takardar ba tukuna. Niyyar yaran nan mai kyau ce, Allah ya saka musu. Matashin da ya tashi da asuba yana motsa jiki ya fi min wanda ya kwana a majalisa sau dubu. Amma a yadda suka tsara abin, ba na son ƙungiya ta sa sunanta a rigar kowa.

Mu fara da nisan. Gudun fanfalaki da aka sani a duniya kilomita 42 ne da 'yan mitoci, irin wanda ake yi a nan Legas duk shekara tun 2016. Duk gudun da ya haura wannan nisa wani aji ne daban, masu harkar ma suna ware shi da dokokinsa. Babbar hanyar Legas zuwa Ibadan kusan kilomita 127 ce. Daga tsohon tolget zuwa mahaɗar Shagamu kaɗai kilomita 43 ne da ɗoriya, wato kafin mutum ya ga Shagamu ya cinye fanfalaki guda, kuma saura biyu a gabansa. In muka ɗauka yaro zai riƙe kilomita 8 a kowace awa, har da tsayawa shan ruwa da sallah, wanda ba ƙaramin ƙoƙari ba ne, zai shafe awa 16 a kan kwalta. Ya tashi bayan sallar asuba, rana za ta dafa shi tun daga hantsi har la'asar. Ya tashi da magariba don gudun rana, zai kwana yana kafaɗa da kafaɗa da tireloli da tankoki cikin duhu. Wanda ya san Ogere da dare ya san abin da nake nufi.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne amsar da ake bayarwa in an yi maganar zafi. Sai ka ji an ce: “Mu da muka tashi a Sakkwato da Maiduguri, zafin Legas ne zai ba mu tsoro? Ga damina, ga hadari, rana ma ba ta fitowa.” A nan kuskuren yake, kuma kuskure ne da zai iya cin rai.

Kowa a cikinmu ya san randa. Dalilin da ya sa ruwan randa ke yin sanyi shi ne ruwa yana tsattsafowa ta jikin ƙasar, iska ta busar da shi, bushewar nan ita ke tafiya da zafin. Haka Allah ya tsara jikin ɗan Adam. Zufa tana sanyaya mutum ne in ta bushe a kan fata. Wadda ta kwarara ta ɗiga ƙasa asarar ruwa ce kawai. A arewa cikin bazara, ko da ma'auni ya haura digiri 40, iskar busasshiya ce, zufa na fitowa tana bushewa, sai dai ka ga farin gishiri a bayan riga. A nan kurmi iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, cikin damina laimar da ke cikinta kan wuce kashi 80 cikin ɗari, ba ta da wurin karɓar naka. Shi ya sa wankin da zai bushe cikin awa guda a Kano yake wuni a igiya a Agege yana tsami. Jikin mai gudu haka yake zama, ya jiƙe sharkaf amma cikinsa na ƙuna.

Kuma mai gudu murhu ne da kansa. Cikin ƙarfin da tsoka ke ƙonewa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ne ke zama motsi, ragowar duk zafi ne da dole jiki ya fitar. In hanyar fitarwa ta toshe, zafin yana taruwa a ciki. Zuciya ta shiga aiki biyu, tana tura jini ga ƙafafu tana kuma tura shi ga fata, ga shi jinin yana raguwa saboda zufa. Hadari ya rufe rana, gaskiya ne, yana rage ƙunar da ke sauka a ka, amma bai taɓa laimar ba.

Ga misalin da ya faru a idon duniya. A watan Satumba na 2019 an yi gasar guje-guje ta duniya a Doha, babban birnin Qatar. Saboda tsoron zafi sai aka sa gudun fanfalaki na mata da tsakar dare. Babu rana ko kaɗan, zafin bai wuce digiri 32 zuwa 33 ba, amma laima ta haura kashi 70. Mata 68 suka tashi, 40 ne suka ƙarasa, 28 suka tsaya a hanya, wasu a keken marasa lafiya aka ɗauke su. 'Yar Kenyar da ta zo ta ɗaya ta yi awa 2 da minti 32, alhali a farkon shekarar ta yi wannan nisa cikin awa 2 da minti 17 a Dubai. Waɗannan mutane ne da gudu ne sana'arsu, ga likitoci, ga ƙanƙara, ga motocin asibiti a gefe, kuma kashi ɗaya cikin uku na nisan Ibadan suka yi. Bayan wannan ne aka ɗauke gudun fanfalaki na gasar Olamfik ta Tokyo aka kai shi Sapporo, can arewacin Japan inda ya fi sanyi.

Masu goyon baya suna da hujjoji biyu, kuma ban raina su ba. Ta farko, cewa yaranmu ƙarfafa ne, suna dako a Mile 12, suna tura kurar ruwa, suna wuni a rana. Gaskiya ne, kuma wanda ya shekara yana aikin ƙarfi a nan jikinsa ya saba da laimar wani gwargwado. Sai dai ɗan dako yana sauke kaya ya zauna a inuwa ya sha fiya wata kafin wani kaya ya samu. Wannan ɗan hutun shi ke ba jiki damar huce zafin da ya tara. Mai gudun awa 16 ba shi da wannan. Ga kuma waɗanda ba su daɗe da zuwa daga gida ba, su ne suka fi bugun ƙirji da zafin arewa, su ne kuma suka fi shiga haɗari, don jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 na motsa jiki a hankali kafin ya saba da sabon yanayi.

Hujja ta biyu ita ce tarihi: kakanninmu fatake sun taka har Gwanja sayen goro, alhazai sun taka ta Sudan zuwa Makka, ko a 2015 wani bawan Allah ya taka daga Legas zuwa Abuja don murnar zaɓe. Duk gaskiya ne. Amma tafiya suka yi, ba gudu ba. Ayari yana da madugu, yana da zango, ana yada zango a kwana, a huta, a ci abinci, a ɗauki watanni. Shi ma na 2015 ya kwashe fiye da mako biyu a hanya. In da kakannin nan za su ji an ce za a yi tafiyar kwana huɗu a wuni ɗaya da gudu, su za su fara hanawa.

Ƙasashen da suka daɗe da irin wannan dogon gudu ba sa barin kowa ya shiga don ya ce yana da zuciya. Gasar Comrades ta Afirka ta Kudu, wadda ake yi tun 1921 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, kusan kilomita 90 ce, ana yin ta a watan Yuni lokacin da suke cikin sanyi, kuma ba a karɓar mutum sai ya kai shekara 20 ya kuma nuna shaidar ya gama wani dogon gudu a baya cikin ƙayyadadden lokaci. Awa 12 na cika ake rufe ƙofa. Ta Badwater a Amurka, kilomita 217 cikin zafin Yuli a hamada, zaɓen mutane ake yi, kuma kowa sai ya zo da motarsa da masu kula da shi. A takardar da aka kawo mana babu maganar likita, babu motar rakiya, babu wanda ya ce ya taɓa gama ko da kilomita 42.

Sai batun ruwa, wanda mutane ke ɗauka shi ne maganin komai. Mai gudu cikin zafi yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu na zufa a awa, wato ledar fiya wata biyu zuwa huɗu, kuma da gishirin jiki take fita. Ƙarancin sha haɗari ne, kowa ya sani. Abin da ba a cika sani ba shi ne yawan shan tsurar ruwa shi ma yana kisa, domin yana tsinka gishirin da ke cikin jini har ƙwaƙwalwa ta kumbura. Wani bincike da aka yi kan masu gudun fanfalaki na Boston a 2002 ya gano kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka gwada gishirin jininsu ya yi ƙasa. Alamominsa kuma suna kama da na galabaita: ciwon kai, amai, ruɗewa. Sai masu taimako su ƙara ɗura masa ruwa, su ƙara masa ciwo.

Akwai maganar da ba a son yi a fili, amma zan yi ta. Duk mun san yadda wasu ke neman ƙarfin aiki a shagon kemis. Tramadol yana rufe ciwon da ya kamata ya tsayar da mutum, yana kuma iya jawo farfaɗiya, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ma ta haramta shi a lokacin gasa tun Janairun 2024. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, in aka sha su jiki na cikin ƙishirwa, ƙoda suke taɓawa. Dogon gudu cikin zafi da kansa yana iya farfasa tsoka, abin da ya fashe ya bi jini ya toshe ƙoda, alamarsa fitsari ya koma kalar baƙin shayi. Wanda ya taɓa bin ɗan uwa wajen wankin ƙoda ya san kuɗin da ake kashewa a mako guda zai iya cinye duk abin da ake fatan tarawa marayun. Ban ce akwai mai shan wani abu cikin yaran nan ba, na faɗa ne don awa ta goma a kan hanya tana sa mutum karɓar duk abin da aka miƙo masa.

Haka nan kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da jinin AS. Mai AS lafiyarsa ƙalau a rayuwar yau da kullum, amma wahala mai tsanani tare da zafi da ƙishirwa ta fi saurin farfasa masa tsoka. Da yawa ba su san jininsu ba sai lokacin aure. Wanda kuma bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ba, bai kamata ya kusanci irin wannan gudu ba, ga shi damina ce lokacinsu.

Ko da ba a yi wannan gudu ba, akwai abin da nake so kowa ya riƙe, don yana faruwa a filin ƙwallo da wajen aiki. In zafin cikin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ce ke fara nunawa: mutum ya riƙa tangaɗi, ya yi surutai, ya yi faɗa da masu taimakonsa, ko ya yanke jiki ya faɗi, kuma yana iya kasancewa jiƙe da zufa a lokacin. Mu kuma al'adarmu sai a taru a kansa a toshe iska, wani ya ce iskokai ne, wani ya nemo farasitamol, wanda ba ya aiki a kan irin wannan zafi. Abin yi shi ne a sanyaya shi nan take, a cire masa kaya, a tsoma jikinsa cikin ruwan ƙanƙara in akwai baho, kansa a waje, in babu a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, ana yi ana neman motar asibiti. Rabin awar farko ita ce mai muhimmanci. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai a baki. Yanzu a tambayi kai, tsakanin Shagamu da Ibadan, da ƙarfe biyun rana ko biyun dare, ina bahon ƙanƙarar yake, wa ke riƙe da shi?

Shawarar da zan kai gaban shugabanni ita ce a ɗage abin zuwa ƙarshen Disamba ko Janairu, lokacin da hunturu ke ɗan leƙo kurmi iska ta bushe. A mayar da shi gudun karɓa-karɓa, mutum goma sha uku kowa ya yi kusan kilomita 10 ya miƙa wa na gaba tuta, a raba shi kwana biyu ana tashi bayan asuba ana tsayawa kafin rana ta take, a kwana wajen 'yan uwanmu na Sabon Shagamu. Kowa ya kawo takardar likita da gwajin jini, a nemi izinin hukumar kiyaye haɗurra, a sami ma'aikacin lafiya da motar rakiya mai ɗauke da ƙanƙara da ruwan gishiri da sukari. Masu bayar da gudummawa don marayu za su bayar, ba don su ga yaro ya faɗi ba. Wanda kuma a ransa yake son ya gwada dogon gudu shi kaɗai, ga fanfalakin Legas nan a watan Fabrairu, akwai ma na kilomita 10 a cikinsa. Ya fara da wannan, ya kawo mana lambar da ake ba wanda ya ƙarasa, ni zan fara tsaya masa a gaban kwamiti a nemo masa kuɗin takalmi.