Hasashen Ruwan Sama Awo Ne, Ba Duba Ba

Har yanzu akwai daga cikinmu masu ɗaukar hasashen yanayi tamkar duba ko bokanci, don haka suke toshe kunne idan an yi gargaɗin ambaliya. Lalle wannan kuskure ne babba, kuma abin da ke faruwa a jihar Kalifoniya ta Amurka ya ishe mu hujja.

A can, iska kan kwaso tururin ruwa daga Tekun Pasifik, ta jawo shi a doguwar hanya siririya mai tsawon fiye da kilomita 2,000. Masana suna kiran wannan "kogin sararin sama". Idan ya ci karo da duwatsun Siyera Nebada sai ya hau sama, ya yi sanyi, ya zubo. In iskar mai sanyi ce, ƙanƙara ce za ta lulluɓe duwatsun, ta zama ajiyar da ke narkewa sannu a hankali, wadda ke ba jihar kusan kashi 30 cikin ɗari na ruwanta. In kuwa mai ɗumi ce, ruwa ne zai sauka a kan ƙanƙarar, duka su gangaro kwari lokaci guda.

To, ta yaya ake sanin wanne ne ke tafe? Ta hanyar awo. Taurarin ɗan Adam suna hango tururin, jiragen sama kuma suna shiga cikinsa suna sako na'urori masu auna zafi da laima da ƙarfin iska. A 2019 masana suka kasa waɗannan koguna mataki biyar gwargwadon ƙarfinsu da daɗewarsu. Wannan ba da'awar sanin gaibu ba ce, bin sababi ne, kamar manomin da ya hango hadari a gabas ya kwashe shanyarsa.

A Fabrairun 2017, bayan ruwa mai yawa, magudanar madatsar Orobil ta lalace, hukuma ta umarci mutane kusan 188,000 su bar gidajensu, suka kuwa tashi. Madatsar ba ta ɓalle ba, amma babu mai hankalin da zai ce sun yi wauta.

Mun yarda hasashe yana iya saɓawa, domin mai awo ɗan Adam ne. Sai dai wanda ya tashi ruwa bai zo ba, wahalar kwana biyu kawai ya sha, wanda ya zauna ruwa ya zo kuwa, iyalinsa ya jefa cikin halaka. Saboda haka muna kira ga malamai da su bayyana wa jama'a wannan bambanci. Allah Ya sa mu dace.