Bishiyar Maƙwabci a Ingila: Ka Ajiye Zarto, Ka Ɗauki Biro

Yau da lauyoyin WhatsApp nake, waɗanda da zarar ɗan uwa ya yi kukan cewa bishiyar maƙwabcinsa na neman lalata masa gida sai su ce, "Kai sare ta kawai, ai bishiya ce." Wallahi ranar da takardar kotu ta iso, cikinsu ba wanda zai tara maka ko fam ɗaya.

Ga abin da doka ta yarda da shi a Ingila da Wales. Reshen da ya ƙetaro ta kan shingenka kana iya datse shi, amma iyakarka kan iyakar filinka. Ba ka da ikon tsallakawa gidansa ko jingina tsani a cikin filinsa ba da izininsa ba. Rassan da ka yanke da 'ya'yan da ke jikinsu nasa ne, sai ka tambaye shi ko yana so, ba ka watsa masa su ta kan katanga ba. In kuma yankan da ka yi ya kashe bishiyar ko ya sa ta faɗi, mai ƙara ya koma wanda ake ƙara.

Kafin ma ka taɓa ko ganye ɗaya, tambayi kansul ɗinku ko bishiyar tana ƙarƙashin odar kariya da suke kira TPO. Sare irin wannan ba izini laifi ne, kuma tararsa ba ta da iyaka. In unguwarku tana cikin yankunan da aka keɓe don adana tarihi, sai ka ba kansul sanarwar mako 6 kafin aiki. Sannan dokar 1981 ta hana lalata sheƙar tsuntsu muddin yana amfani da ita. Ka yi dariya in ka ga dama, su da gaske suke.

Ɓangare na biyu da nake da su: masu "a bar wa Allah". Bango na tsagewa, ƙofa ta daina rufuwa, kai kana kawaici don kada a ce baƙo ya cika fitina. Yawancin Landan a kan yumɓu take. Saiwa na tsotse ruwan ƙasa da bazara, yumɓun ya tsuke, harsashin gini ya nutse. Shirunka ba ya hana wannan, hujjarka kawai yake cinyewa.

Dubi shari'ar Delaware Mansions da kansul ɗin Westminster, wadda kotun ƙoli ta wancan lokacin ta yanke a 2001. An sanar da kansul cewa saiwar bishiyarsu ta bakin titi na lalata ginin, suka ƙi cire ta. Da sun cire ta, da gyaran ginin kusan fam 14,000 kawai zai ci. Gyaran harsashin ya haura fam 570,000, kuma su aka ɗora wa. Abin da ya kama su shi ne an sanar da su, an ba su dama, ba su yi komai ba.

Don haka fara da sallama da magana mai daɗi, ai maƙwabci yana da haƙƙi. Daga nan ka bi shi da wasiƙa mai kwanan wata, ka ajiye kwafi. Ɗauki hotunan tsagewar duk wata. Sanar da kamfanin inshorar gidanka da wuri. In haya kake, rubuta wa mai gidan, kada ka yanke komai da hannunka. In shingen itatuwan da ba sa kaɗe ganye ne ya haura mita 2 ya tare maka haske, dokar 2003 ta ba ka damar kai kuka kansul, amma sai ka nuna ka nemi sulhu tukuna, kuma yawanci akwai kuɗin da za ka biya.

Kotu kuwa a bar ta ƙarshe. Kuɗin lauya kan fi na gyaran katanga, kuma ranar da za ka sayar da gidan dole ka rubuta wa mai saye cewa kun taɓa rigima da maƙwabci. Nemi masu shiga tsakani kafin lauya.

A tura wa duk wanda ya sayi gida ko yake shirin saye. Allah Ya haɗa mu da maƙwabta nagari.