Wa Ya Horar Da Mai Horar Da Mu?

Duk shekara idan lokacin koyon aiki ya kama, jami'o'i da manyan makarantun fasaha sukan rarraba ɗaliban fannin jin daɗin jama'a zuwa asibitoci, da gidajen marayu, da gidajen horon yara, da ofisoshin sasanta ma'aurata. Ɗalibi ya ɗauki takardarsa ya tafi, a damƙa shi ga wani jami'i, a ce ga amana nan. To, shi jami'in da aka ɗora wa amanar, wa ya shirya shi?

Sau da yawa babu. Yana iya zama gwanin aiki, amma iya aiki daban, iya koyar da shi daban. Ga fayil-fayil sun cika masa tebur, ga masu ƙara sun yi layi a bakin ƙofa. Ran da ɗalibi zai tafi sai a miƙo masa fom ya ba da maki, alhali ba a nuna masa ma'aunin da zai bi ba. Kunya kuwa ta hana shi kayar da wanda bai cancanta ba. Wanda zai ɗanɗana kuɗarsa shi ne maraya, ko yarinyar da aka ci zarafinta, ran da suka faɗa hannun wannan ɗalibi bayan ya zama ma'aikaci.

A Amurka ba a ba da digirin farko a wannan fanni sai ɗalibi ya cika awa 400 a bakin aiki, digiri na biyu kuma awa 900. A Ingila kwana 200 ake nema, kuma jami'in da zai yanke wa ɗalibi hukuncin ƙarshe sai ya yi horo na musamman mai mataki biyu. Har kuɗi ake biyan wurin da ya karɓi ɗalibi.

A shekarar 2022 aka sa hannu a kan dokar kafa majalisar kula da wannan sana'a a Nijeriya. Ya kamata majalisar ta shimfiɗa ƙa'ida: kada a ba jami'i ɗalibi sai ya yi kwas. Jami'a ta shirya kwas ɗin kyauta, malamanta su riƙa ziyara tun ana tsakiyar aiki. Ma'aikatu kuma su rage wa jami'in nauyi, su sa wannan hidima cikin lissafin ƙarin girma.

'Yan'uwa ɗalibai, wannan kuka namu ne, domin gobe mu za a miƙa wa fom ɗin. Ƙungiyarmu ta kai shi gaban hukumar jami'a tun yanzu, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.