Kowane Abinci Da Abin Shansa

Mutanen Faransa sukan zaɓi giyar inabi gwargwadon abincin da ke gabansu. Musulmi ba ruwansa da giya, amma dacewar ci da sha ba baƙon ilmi ba ne a ƙasar Hausa.

Ma'aikaci ko ɗalibin da aiki ya kai Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da shinkafa da alkama, sai ya fara da wannan: dafa-duka mai maiƙo, zoɓo ke yanke nauyinta, ƙosai sai kunun tsamiya, gurasa mai yaji kuwa, kunun aya ke kwantar da zafinta.

Waɗannan duka sun fi lemon kwalba araha, kuɗinsu kuma hannun manoma da matan gida yake komawa. Lalle ya kamata a riƙe su.