Jarin Kakanninmu da Tiya Ake Auna Shi

Da yawanmu mun tashi a gidan da ake suyar ƙuli-ƙuli, ƙamshin man gyaɗa har zaure. Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma in ka tambaye ta nawa ne jarinta ba za ta ambaci sule ko sisi ba. Sai ta ce, "Tiya goma ta gyaɗa." Ko da Naira da Kobo suka shigo a 1973, amsarta ba ta sauya ba.

Gwangwani biyu gare ta a ƙarƙashin gado. In yara sun dawo daga talla, takan fara ware kuɗin da zai sake sayo tiya goma a farashin ranar kasuwa mai zuwa, da na itace da na niƙa, ta rufe a gwangwani na farko. Abin da ya rage shi ne riba, daga nan ake fitar da zubin adashi da gudummawar biki. In ba abin da ya rage, to ranar miya sai ta kuka zalla, kuma ba wanda ya isa ya buɗe na farkon, ko da maigidanta ne da kansa.

Yau fa? Ɗanmu mai shago lambar asusu ɗaya gare shi a waya. Nan kuɗin ciniki ke faɗawa, nan ake cire na cefane da na data da na mai. Yana ganin alat yana murna, kanta kuwa tana ramewa a hankali. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na ga masu shaguna da dama sun sayar da katan a kan tsohon farashi suna lissafin riba, da suka koma kasuwar Singa sari sai kuɗin ya kasa sayo irinsa.

Bashi kuwa, an ce hanji ne, yana cikin kowa, kuma kakata takan bayar. Sai dai daga gwangwanin riba take ɗauke shi, ta ja layi da gawayi a bayan ƙyaure. Maƙwabciyar da layinta ya kai uku, za a tarbe ta da fara'a, a ba ta tabarma da ruwa, a cika mata hannu da ƙuli-ƙuli kyauta, amma ba za a ba ta kwalbar mai bashi ba sai ta biya an goge layi ɗaya.