Littattafai Biyar Da Nake So In Gani A Hannun Yaranmu

Kwanakin baya na tambayi wasu ƴan makarantar CEG, waɗanda kullum suke wucewa ta gaban kamfanin siminti na Malbaza, yadda dutse yake komawa siminti. Duk suka yi tsit. Yaran nan ba daƙiƙai ba ne, sun haddace darasinsu na kimiyya tsaf don jarrabawar BEPC. Sai dai ba wanda ya taɓa gaya musu cewa dutsen farar ƙasa ake niƙawa da yumɓu, a gasa a wuta mai zafin kusan digiri 1450, sannan a sake niƙawa. Kimiyyar tana bakin ƙofarsu, su kuwa sun ɗauka a kan allo kaɗai take zaune.

A ganina laifin namu ne, malamai da iyaye. Mun bar yaro da abin da ya kwafa daga allo, babu littafi ko ɗaya da zai karanta don marmari. Ga biyar da nake ba da shawara a nema.

Na farko Ikon Allah, wanda Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta, aka buga a Zariya. Bayanin halittu ne cikin Hausa mai daɗi. Ya tsufa, ilimi ya yi gaba tun lokacin, amma ya isa amsa ga mai cewa harshenmu ba ya ɗaukar kimiyya. Tunda a 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, abin kunya ne a ce malaminmu bai taɓa buɗe shi ba.

Na biyu Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata. Ƙagaggen labari ne na yaron da aka tafi da shi sararin samaniya. Ba littafin darasi ba ne, amma yaron da ya karanta shi zai fita tsakar gida da dare ya ɗaga kai yana tambaya, kuma daga tambaya kimiyya take farawa.

Na uku Là où il n'y a pas de docteur na David Werner. Wannan na iyaye ne. Yana bayani dalla-dalla a kan gudawa, zazzaɓin cizon sauro, haihuwa da tsabta, da yadda ruwan gishiri da sukari ke ceton yaron da ruwan jikinsa ya ƙare. Ba ya maye gurbin likita, hasali ma yana nuna alamomin da idan an gani sai a garzaya asibiti ba a tsaya jira ba.

Na huɗu ƙananan littattafan Agrodok, waɗanda ake samu da Faransanci, har a waya ana iya sauke su. Akwai wanda ya yi magana a kan tara ruwan sama da riƙe danshin ƙasa. A karanta shi a Illela da Badagishiri, inda manoma suka raya faƙo da tassa bayan wasunsu sun je Yatenga ta Burkina Faso a 1989 sun ga yadda ake yi. Yaro zai gane dalili: ramin yana tare ruwa, takin da aka zuba yana jawo gara, gara kuma tana huda ƙasa ruwa ya shige. Abin da babansa yake yi da fartanya ke nan, kuma sunansa kimiyya.

Na biyar The Boy Who Harnessed the Wind, labarin William Kamkwamba na ƙasar Malawi, wanda ya fito a 2009, aka yi fim ɗinsa a 2019. Yunwa da rashin kuɗin makaranta suka zaunar da shi gida. Sai ya riƙa zuwa wani ƙaramin ɗakin karatu, ya ga hoton injin iska a littafi, ya harhaɗa nasa da tarkacen keke yana ɗan shekara 14, har ya kunna fitila a gidansu. Da Turanci yake, amma malami zai iya ba da labarin a aji. Yaron da ke ganin famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana a garkar albasa ta Galmi ba zai ji labarin baƙo ba ne.

Na san za a ce ina kuɗin, ga hatsi da tsada, ga wasu azuzuwan ma na zana ne. Gaskiya ne. Amma ban ce kowane yaro ya mallaki biyar ɗin ba. Kwamitin iyaye da malamai na kowace makaranta ya sayi ɗaya-ɗaya, a ajiye a akwati, a riƙa ba da aro ranar Juma'a a dawo da shi Litinin. Ƴan kasuwarmu na Birnin Ƙonni ba sa rabuwa da hanyar Sakkwato, a ba su sautun na Hausa. Malami kuma ya ware rabin awa a mako ya karanta wa aji da babbar murya, sannan ya kai su bakin madatsar Mozage ko gindin rudun albasa ya bar su su yi tambaya.

Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya ƙare rayuwarsa a binciken makamashin hasken rana, kuma tun 1964 ya rubuta littafi yana neman a koyar da ɗan Afirka da harshensa. Mai gadonsa yana iya kasancewa cikin yaran nan da suka yi mini tsit a Malbaza. Kafin hutu mai zuwa, mu sa masa littafi a hannu.